Me Alƙalai Suke Aunawa a Gasar Ƙera 'Yan Tsana da Dodanni Masu Motsi?

Tambayar da aka aiko ta shafi shirye-shiryen gasa na talabijin da ake tara masu fasaha a ce su ƙera 'yan tsana da dodanni masu motsi da inji. Mai tambayar yana son ya san ko abin da ake nunawa haka sana'ar take a zahiri, da wane ma'auni alƙalai suke yanke hukunci, sannan ko mai sha'awar aikin zai ƙaru da wani abu daga kallonsu.

Abin da ake gani a allo aiki ne na gaske, da kayan aiki na gaske, a gaban mutanen da suka shafe shekaru suna cin abinci da sana'ar. Sai dai an matse lokacin aikin matsi mai tsanani, kuma wannan matsin ya sauya abin da gasar take aunawa. Ba gwanin sassaƙa take nema ba, ba kuma gwanin haɗa inji ba. Tana neman wanda ya san abin da zai sa halitta ta yi kama da mai rai a gaban kyamara, ya ba wa wannan abin kwanakinsa biyu ko uku, ya haƙura da sauran.

Shirin da ya fi dacewa da tambayar shi ne Jim Henson's Creature Shop Challenge, wanda tashar Syfy ta Amurka ta fara nunawa a watan Maris na 2014, ya yi kashi takwas ya ƙare a watan Mayu na shekarar. Mutum goma ne suka shiga, ana rage su mako-mako har aka kai ga uku a zagayen ƙarshe, kuma kyautar da aka sa ta kai darajar dala 100,000, wadda ta ƙunshi kwantiragin aiki a maƙerar dodanni ta kamfanin Jim Henson, mutumin da ya ƙirƙiro 'yan tsanan The Muppets. Babban alƙali shi ne Brian Henson, ɗan Jim Henson kuma shugaban kamfanin, tare da Kirk Thatcher da Beth Hathaway, ita kuwa Gigi Edgley, 'yar wasan Ostareliya da ta fito a shirin Farscape, ita take gabatarwa. Abin da na fi so mai tambaya ya lura da shi shi ne mashawarta uku da suke zagaya ɗakin aiki suna duba 'yan takara: Peter Brooke ta fannin zane da sassaƙa, John Criswell ta fannin inji, Julie Zobel ta fannin ɗinki da harhaɗa jiki. Waɗannan fannoni uku su ne ƙafafun sana'ar, kuma a maƙera ta gaske kowanne yana da nasa ma'aikatan da suka ƙware a kansa kaɗai. A gasar kuwa galibi mutum ɗaya ko biyu ake ɗora wa duka ukun.

Mutane sukan haɗa wannan shiri da Face Off, wanda ita ma tashar Syfy ce ta nuna shi daga 2011 zuwa 2018 har zango 13, amma akwai bambanci mai girma a tsakaninsu. A Face Off, galibin aikin kwalliya ce ta musamman da ake manna wa mutum mai rai, wato fatar roba da aka sassaƙa aka liƙa a fuskar ɗan wasa. Idon da yake ƙiftawa a ƙarƙashin kwalliyar idon mutum ne, numfashin ma nasa ne, don haka ko kwalliyar ta yi rauni, rai yana nan. Wanda yake ƙera 'yar tsana ko dodo mai inji ba shi da wannan gatan. Ƙiftawar ido, ɗaga gira, buɗe baki, juyar da wuya, duk sai ya gina hanyar da za a yi su, kuma abin da bai gina ba halittar ba za ta yi shi ba har abada.

Wannan ne ya sa ba a kan teburin aiki ake yanke hukunci ba. A ƙarshen kowane kashi ana kai halittar dandalin da aka shirya da fitilu da kayan ado, a ba ta ƙwararrun masu sarrafa 'yan tsana, a ɗauki ɗan gajeren wasa da ita, sannan alƙalai su duba abin da kyamara ta gani kafin su matso su taɓa ta da hannu. Ayyukan da aka bayar ma suna nuna abin da ake nema: halittar ƙarƙashin teku, sabon dodo daga jinsin Skeksis na fim ɗin The Dark Crystal, kawunan dabbobi da aka rataye a bango waɗanda za su farka su yi magana, baƙon wata duniya da zai yi taron manema labarai. Kowanne daga cikinsu tambaya ce game da motsi. Kai da aka rataye a bango ba shi da hannu ko ƙafa da zai taimaka masa, fuskar kaɗai ce za ta ɗauki wasan. Baƙon da yake amsa tambayoyi kuma dole ya nuna yana saurare kafin ya amsa, kuma nuna saurare ya fi nuna magana wuya nesa ba kusa ba.

Idan aka ce in zaɓi wuri ɗaya da ake cin gasar ko a faɗi, zan ce ido. Mai kallo idon halitta yake fara nema, kuma cikin ƙiftawa ɗaya yake yanke hukuncin ko akwai wani a ciki. A gidan Henson an daɗe ana magana a kan alwatikar da ido biyu suke yi da hanci da baki, ana kuma danganta ƙwarewa a kanta ga Don Sahlin, wanda ya gina da yawa daga cikin 'yan tsanan farko na gidan. Ƙa'idar ita ce a ɗan karkato da baƙin kowane ido zuwa ciki, ta yadda idanun biyu za su haɗu a kan wuri ɗaya a gabansu. Idan aka bar su suna duban gaba sak, kowanne a kan hanyarsa, halittar takan yi kama da wadda hankalinta ya gushe, kuma babu yawan fenti ko gashi da zai gyara wannan. A dodo mai inji lamarin ya ƙara tsanani, domin sai fatar ido ta rungumi ƙwayar idon sosai ba tare da giɓi ba, sai ta ɗan bi ƙwayar idan ta duba sama ko ƙasa kamar yadda ta mutum take yi, sannan sai ƙiftawar ta zo da sauri wajen rufewa ta ɗan sassauta wajen buɗewa. Ƙiftawar da take tafiya da gudu ɗaya daga farko zuwa ƙarshe nan take take tona asirin injin. Tun a 1970 masanin mutum-mutumi na ƙasar Japan, Masahiro Mori, ya yi bayanin cewa abin da ya kusa kama da mutum amma bai kai ba yakan jawo ƙyama maimakon sha'awa, kuma motsi yana ƙara wa wannan ƙyamar ƙarfi. Shi ya sa 'yar tsanar yadi mai ido irin na ƙwallo takan fi shiga rai fiye da fuskar silikon mai kama da ta mutum wadda idonta bai zauna daidai ba.

Daga ido sai abin da yake motsa jikin, kuma a nan 'yan takara da yawa suke yaudarar kansu. Hanyoyin dai sanannu ne. Akwai hannun mutum kai tsaye a cikin kan halittar. Akwai sanduna da ake riƙe gaɓoɓi da su daga waje. Akwai waya mai gudana a cikin bututu, irin ta birkin keke, wadda wani yake ja daga nesa. Akwai ƙananan injinan lantarki da ake kira servo, waɗanda ake sarrafawa da rimot. Manyan dodanni kuma ana tura su da ƙarfin mai ko na iska da aka matse. Sabon shiga yakan ɗauka cewa yawan injina shi ne ƙwarewa, sai ya cusa guda goma a kai ɗaya, alhali kowane inji da aka ƙara nauyi ne a wuyan mai ɗauka, ƙara ce da makirfo zai iya kamawa, kuma wuri ne da abu zai iya tsinkewa ana tsakiyar ɗauka. A ganina, babu injin da ya kai hannun mutum laushi da saurin amsawa, don haka tsari mafi hikima a gasa irin wannan shi ne a bar wa hannu baki da wuya, a ba wa inji abin da hannu ba zai kai gare shi ba, wato ido da gira, wataƙila da kunne. Gidan Henson da kansa a kan wannan fahimtar ya gina na'urarsa ta sarrafa fuska, wadda take bai wa mutum ɗaya damar tafiyar da injina masu yawa ta hanyar sa hannunsa a wata safa mai auna motsi, kuma a 1992 hukumar da take ba da kyautar Oscar ta karrama na'urar da lambar yabo ta kimiyya da injiniyanci. Manufarta ita ce a mayar da injin ƙarƙashin hannun ɗan wasa guda, maimakon mutum biyar ko shida kowa da rimot ɗinsa suna ƙoƙarin haɗa murmushi ɗaya.

Mutumin da yake cikin halittar ko a ƙarƙashinta shi ne wanda mai kallo yakan manta da shi, alƙalai kuwa ba sa mantawa. Mai sarrafa 'yar tsana ta hannu yana aiki ne da hannunsa a miƙe sama da kansa, yana kallon ƙaramin talabijin a ƙasa don ya ga abin da kyamara take gani, kuma hoton ba kamar madubi yake ba, idan ya karkata dama sai ya ga halittar ta nufi hagun allo. Idan zai sa ta magana, babban yatsansa yake saukewa ya buɗe haɓa, ba sauran yatsun yake ɗagawa ba, domin idan saman kai ya riƙa tashi, idanun za su bar wanda ake yi wa magana. Duk wannan yana buƙatar kai marar nauyi da bakin da ya dace da tafin hannu. Wanda yake sanye da rigar dodo gaba ɗaya kuma yana fama da zafi, da ƙarancin iska, da rashin ganin gabansa. Caroll Spinney, wanda ya shafe kusan shekara hamsin a cikin rigar Big Bird na shirin Sesame Street, da hannun damansa a sama yake riƙe kan tsuntsun, yana ganin hanya ta ƙaramin talabijin da aka ɗaure masa a ƙirji. Saboda haka idan alƙali ya tambayi ɗan wasa yadda ya ji a ciki, ba gaisuwa yake yi ba. Halittar da ta yi kyau amma ba za a iya zama a cikinta na minti goma ba, ko wadda ba a bar ƙofar da za a fitar da mutum da sauri idan ya galabaita ba, ba ta da amfani ga darakta.

Wani abin da ya kamata a sani shi ne cewa sarrafa halitta ɗaya sau da yawa aikin mutane da dama ne. A wasan bunraku na Japan mutum uku ne suke kan 'yar tsana ɗaya: babba yana riƙe da kai da hannun dama, na biyu da hannun hagu, na uku da ƙafafu, kuma akan ce sai mutum ya yi shekara goma a ƙafa, ya yi wasu goma a hannun hagu, kafin a ba shi kai. Dawakan wasan War Horse, waɗanda kamfanin Handspring na Afirka ta Kudu ya ƙera aka fara nunawa a Landan a 2007, su ma mutum uku ne kan kowane doki, kuma abin da ya sa 'yan kallo suka yarda da su, duk da ana ganin sandunan jikinsu da mutanen da suke ciki, shi ne numfashi da motsin kunne. Maƙeri nagari yakan fara tambayar mutum nawa za su tsaya a ina, kafin ya fara tunanin launin fata.

Yanzu ga inda shirin ya rabu da sana'ar. A maƙera, hanyar da aka saba ita ce a yi zane, a yi ƙaramin samfuri a nuna wa darakta, a gyara, sannan a sassaƙa cikakken girman da yumɓu mai maiƙo wanda ba ya bushewa. Daga nan a lulluɓe sassaƙar da filasta ko makamancinta a samu mazubi, a buɗe shi a ƙwaƙule yumɓun, a yi wani ƙoƙo na ciki wanda zai ƙayyade kaurin fata, sannan a zuba abin da za a yi fatar da shi. Idan kumfar roba ce, sai an kaɗa ta da injin kaɗi, a zuba kafin ta daskare, a gasa ta awoyi da yawa a zafin da bai kai na tafasar ruwa ba, kuma zafin ɗaki da laimar iska kaɗai suna iya ɓata zubi guda, a wayi gari a buɗe mazubi a tarar da fata mai ramuka. Idan silikon ne, ya fi kama da fatar mai rai saboda haske yana ɗan ratsa shi, amma yana da nauyi, kuma akwai nau'insa da ba ya daskarewa sam idan ya taɓa yumɓun da yake da farar wuta ko ya taɓa ruwan roba. Bayan fata ta fito sai a gyara bakin haɗi, a ɗora ta a kan ƙoƙon da yake ɗauke da injina, a yi fenti hawa-hawa, a dasa gashi, wani lokaci sili ɗaya-ɗaya da allura. Wannan aikin makonni ne ko watanni ga tawaga guda. Fim ɗin The Dark Crystal, wanda dominsa aka kafa maƙerar dodanni ta Henson a Landan a 1979, sai a 1982 ya fito.

A cikin kwana biyu ko uku ba za a bi wannan hanya duka ba, shi ya sa za ka ga 'yan takara sun fi dogara ga yankan soso: a zana fasali kamar yadda tela yake yi, a yanka shimfiɗaɗɗen soso, a haɗa da gam, a rufe da yadi ko a shafe da ruwan roba. Hanya ce ta gaske da ake amfani da ita kullum, ba ha'inci ba ce, amma mai kallo yana iya fita da zaton cewa dodon fim aikin ƙarshen mako ne. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne cewa gasar ba ta gwada juriya. Halittar gasa wasan minti ɗaya ko biyu kawai ake nema daga gare ta, ta fim kuwa za ta maimaita motsi ɗaya sau da yawa a rana, na tsawon makonni, a ƙarƙashin fitilu masu zafi. Tarihin sana'ar cike yake da wannan darasi. Kifin inji na fim ɗin Jaws na 1975 ya yi ta lalacewa da aka kai shi ruwan teku mai gishiri, har ya tilasta wa daraktan fim ɗin, Steven Spielberg, ya rage nuna shi. Babban dodon da maƙerar Stan Winston ta gina wa Jurassic Park na 1993 kuma, da aka sakar masa ruwan sama na ɗauka, fatarsa ta kumfar roba ta sha ruwa ta yi nauyi fiye da yadda aka saita injinsa, sai ya riƙa karkarwa, ma'aikata suna bin sa da tawul suna tsane shi tsakanin ɗauka da ɗauka. Babu wani kashi na gasa da zai iya auna irin wannan.

Sai kuma hannun masu tace hoto. Aikin kwanaki ake matsewa a cikin abin da bai kai awa ɗaya ba, don haka abin da zai tsira shi ne saɓani tsakanin abokan aiki, da mazubin da ya ƙi buɗuwa, da gudun minti biyar na ƙarshe. Awoyin goge bakin haɗi da saita tsawon waya, waɗanda su ne mafi yawan aikin, ba sa jan ido. A nawa hasashen, wannan yana cikin dalilan da suka sa gasar kwalliya ta yi zango 13 ita kuwa ta dodanni ta tsaya a zango ɗaya: sauyawar fuskar mutum abu ne da kowa yake ganewa nan take, amma kyawun injin ido da aka saita daidai sai wanda ya san wahalarsa.

Game da ƙaruwa, akwai ta, muddin aka san inda za a sa kunne. Sharhin alƙalai da shawarar mashawarta su ne darasin, musamman inda suka ce wa mutum ya rage burinsa, ko suka tambaye shi abin da halittar take ci da inda take zaune, domin amsar ita ce take ƙayyade siffar haƙori da ƙafa da launin fata. Yana da amfani mutum ya kashe sauti ya sake kallon gwajin kyamarar, ya tambayi kansa a wane lokaci ya yarda da halittar, a wane lokaci kuma ya tuna cewa soso ne. Amma hannu ba ya koyo da kallo. Mafari mai kyau shi ne 'yar tsanar hannu mai sauƙi ta soso da yadi, a sa mata ido, a ɗauke ta da kyamarar waya, a matsar da idon kaɗan a sake ɗauka, har mutum ya ga da kansa yadda tazarar da ba ta kai faɗin farce ba take sauya hali gaba ɗaya. Bayan wannan sai injin ido guda mai motsi hagu da dama da ƙiftawa, kafin a yi maganar cikakken kai.

Wanda yake tunanin mayar da abin sana'a kuma ya kamata ya san cewa kasuwar ta sha sauyi tun da zanen kwamfuta ya yi ƙarfi a shekarun 1990. Rick Baker, wanda ya ci kyautar Oscar sau bakwai a fannin kwalliya ta musamman, ya sanar da ajiye aikin fim a 2015, yana kukan cewa kamfanoni sun koma son abu mai arha cikin gaggawa. Duk da haka aikin bai mutu ba, ya dai koma haɗin gwiwa. Shirin The Dark Crystal: Age of Resistance da Netflix ta fitar a 2019 da 'yan tsana na gaske aka yi shi, aka yi amfani da kwamfuta wajen goge sanduna da masu sarrafawa da ƙara wasu motsin, haka ma ɗan ƙaramin Grogu na shirin The Mandalorian, wanda kamfanin Legacy Effects ya gina, galibin fitowarsa 'yar tsana ce mai inji. Wuraren shaƙatawa irin na Disney, inda aka fara nuna tsuntsaye masu motsi da waƙa tun 1963, da gidajen wasan kwaikwayo da na tarihi da masu talla, duk suna ɗaukar masu wannan fasaha. Maƙerun kuma galibi ba takardar makaranta suke fara dubawa ba, hotuna da bidiyon abin da mutum ya gina suke nema, kuma sun fi son wanda ya yi zurfi a fanni ɗaya, sassaƙa ko mazubi ko inji ko ɗinki ko fenti, yana kuma fahimtar abin da na kusa da shi yake buƙata daga gare shi.